Daga Wuya Ake Farawa

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya masu jinyarku? Mu nan lafiya, sai dai hannun nan nawa na dama. Tun da aka cire min nono da kaluluwar hammata yake kumbura, yanzu babban yatsana ba ya shiga kunnen almakashi. Ɗinkin mutane na nan jibge kan keke. Kullum Baban yara ya dawo daga gidan burodi sai ya murza min shi har in yi ƙwalla, washegari kuma ya fi jiya. Ke da kike asibiti, me muka yi ba daidai ba?

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Wa alaikumus salam, ya ƙarfin jiki? Ki gaya wa maigidanki hannunki ba kwaɓin burodi ba ne. Ruwan jiki ne ya taru saboda an cire magudanarsa. Hanyoyinsa sirara ne, suna dab da fata, matsi toshe su yake yi. Tausar da ake so kusan shafa ce: a ja fata kaɗan, a saki. Kuma daga wuya ake farawa, sai lafiyayyar hammata, sai a bi ta ƙirji a kora ruwan can. Hannu ne ƙarshe. Ba ta warkarwa dungurungum, amma tana rage kumburi da nauyi, musamman in an haɗa da safar hannu mai matsewa. Ku je tare a koya masa. In hannun ya yi ja, ko kika ji zazzaɓi, kar a taɓa, sai likita.

Allah ya ƙara sauƙi.
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa. Ban iya doguwar wasiƙa ba. Mun je, an koya min. Wuya ta yarda, hammata ta yarda. Da na zo ƙirji sai ta damƙe riga. Wata bakwai ke nan ban ga wurin ba, ko kaya za ta sauya sai ta aike ni ɗebo ruwa. Ta ce in tsallake. Ana tsallakewa?

Na gode.
Mijin yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Maigidanki ya tambaye ni, ban ba shi amsa ba. Gaskiya ana iya kora ruwan ta gadon baya, ba sai an taɓa ƙirji ba. Ke nake gaya wa, don jikinki ne. In kin so ki sanar da shi. Amma mutumin da bai iya rubutu sosai ba ya zauna ya rubuto min.

Taki,
Auta

Auta,

Lafiya lau muke. Ban gaya masa zancen gadon baya ba, rigar na buɗe masa. Ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya ce ɗinkin likitan bai kai nawa kyau ba.

Jiya yatsa ya shiga almakashi, da ƙyar dai. Turo awonki in yi miki ɗinki.

Sai na ji daga gare ki.
Yayarki