Ki Juya Kwalin Kafin Ki Fitar

Nunzia,

Na tafi coci, daga can zan wuce maƙabarta. Ban tashe ki ba, na ga aiki ya gajiyar da ke.

Jiya gidan ya yi mini shiru. Tun rasuwar mamanki ba mai kwaɓa fulawa ya gasa mana fiza ran Asabar. Sai na hau bas zuwa wani kanti a bayan gari, inda ba wanda ya san ni, na sayo fiza ta kwali, irin wadda ake ajiyewa a firiza. Eh, ni ubanki, haifaffen Napoli, garin da fiza ta samo asali! Ina ta jujjuya kwalaye har wata tsohuwa ta ce, "Bawan Allah, ɗauki wadda aka rubuta gashin itace, sauran duk takarda ce." Ba laifi, ta ciwu.

Taki na firiza. Ki bari oben ya yi zafi sosai tukuna.

Don Allah ki juya kwalin ciki waje kafin ki fitar da shara. In maƙwabciyarmu Assunta ta gani, unguwa duk ta ji.

Za ki tarar da biyu. Uku na ɗauko, sai a bas na tuna mu biyu ne yanzu. Ki bar ta mamanki a wurin.

Babanki