An Sallami Milka da Maganin Olsa

Malama Joanna, ki taimake ni. Shekara shida ke nan ina yawo da magana ɗaya, ba wanda ya amsa. Ban yi boko ba, a ajin manya na coci na koyi baƙi, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ni da matata Milka ciwo ɗaya muka yi, asibiti ɗaya muka je a Kafanchan. Ni ina da shekara saba'in na dafe ƙirji na faɗi, nan take aka liƙa mini wayoyi, likita biyu a kaina. Ga ni har yau ina cin tuwo. Ita ko hamsin ba ta kai ba. Lokacin tonon citta ta ce bayanta na ciwo, da muƙamuƙi, ga amai, numfashi na sarƙewa. Muka wuni a benci. Aka dube ta sama-sama, wai mace mai ƙarfi haka me zai taɓa zuciyarta, olsa ce. To, ni ma na sa baki. Hausarta ba ta nuna ba, ni nake faɗa musu, na ce gajiyar gona ce, ta saba. Aka ba ta maganin olsa aka sallame mu. Bayan kwana biyu ta faɗi a bakin murhu tana dafa mini miya marar gishiri. Da muka mayar da ita suka ce zuciya ce, an makara.

Fasto ya ce nufin Allah. Asibiti suka ce fayil ya ɓata. Yara suka ce in bar maganar. Ban bari ba. Wata guda ke nan na daina shan ƙwayoyin zuciyar da asibitin ke ba ni. 'Yata Dinah tana kuka, ta yi ta yi. Ba zan haɗiyi ko ɗaya ba sai wani ya faɗa mini me ya sa aka ceci tsoho aka sallami mai ƙarfi. Ke da kike da jarida, amsa mini.

Dattijo daga Samaru Kataf

Baba, ga amsa. Fushinka yana kan hanya. Ciwon zuciya a jikin mace sau da yawa yakan zo da amai, gajiya, ciwon baya ko muƙamuƙi, kuma an fi saurin sallamar macen da ba ta tsufa ba, don an saba zaton ciwon dattawa maza ne. Ya kamata a yi wa Mama Milka gwajin da aka yi maka. Ba a yi ba, kuma kuskure ne.

Maganar gajiyar gona kuwa, abin da ka sani ka faɗa. Gwaji aikinsu ne, ba naka ba.

Amma barin magani ba ya hukunta kowa a asibitin, Dinah kaɗai yake hukuntawa. Ka koma wurin likita yau, ka faɗa masa kwana nawa ka yi ba ka sha ba. A rubuta koken a takarda zuwa ga shugaban asibitin, ka riƙe kwafi. Sannan ka nemi izini ka tsaya gaban zumuntar mata ta cocinku, ka lissafa musu alamomin nan da bakinka, Dinah tana zaune tana ji.

Allah ya sanyaya maka, ya ƙara lafiya.

Joanna