Koren Ɗigo Kusa da Sunan Lado

Talata, 7 ga Mayu, 2024

Ɗana Muhsin bai dawo ba. Kwana biyu ke nan. Ya fita Lahadi bayan azahar da jakar makaranta, littattafan kuma duk suna kan gadonsa. Shekararsa sha shida. Layinsa a kashe. Na kai rahoto wurin 'yan sanda da hotonsa. Jami'in ya tambaya ko mun yi faɗa, na ce a'a. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Bari in jera abin yadda nake sa 'yan rahoto su jera.

Wata biyar yana buga gem ɗin harbe-harbe a waya. Sakamakonsa ya faɗi. Abinci a ɗaki, salla a gurguje. Sai na tsara shiri a gidan rediyonmu kan wasannin waya da tarbiyya. Shiri ba ya tafiya sai da murya, shekara ashirin da biyu ina koyar da haka. Na tsaya bakin ƙofarsa da rikoda, na ɗauki daƙiƙa arba'in yana ihu: "Ku tashe ni! Ku tashe ni!" Ban ambaci sunansa ba. Cewa na yi, "wani maraya da ya rasa mahaifinsa a rikicin Mubi."

Shirin ya fita Asabar da safe. Kafin la'asar duk unguwarmu ta Adarawo an gane muryar, yaran layi suna kwaikwayonsa.

Bai yi min maganar yaran ba. A ƙofar kicin ya tsaya ya kira ni da sunan da yake kirana, ya ce, "Dada, maraya kika ce. Wa ya tabbatar miki?"

Ya kusa shekara goma tun ranar da muka gudo daga Mubi ina jan hannunsa, babansa Lado ya juya ɗauko tsohuwarsa, bai dawo ba. Ba gawa, ba shaida. Ni na koya wa yaron nan cewa labari ba ya tabbata sai da majiya biyu. Ko a takardar makaranta ban taɓa rubuta "marigayi" gaban sunan ubansa ba. Sai ga shi na faɗa wa jiha guda, don jimlar ta fi shiga kunne.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na duba tashar Jambutu, asibiti biyu, bakin gada. Babu.

Bappansa Hamajoɗa ya zo da hantsi. "Huseina, wasan nan ne ya cinye shi. Da tun farko kin fasa wayar." Na kawo masa ruwa. Ba ya sauraron rediyo, ni kuma ban gaya masa ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Wata yarinya ta same ni a ofis. Keturah, daga unguwar Rumde, gyaran waya take yi a rumfar yayanta. Ba za ta wuce sha tara ba. Su huɗu ne a tim ɗin Muhsin, ita ce shugaba. Ni da na yi shirin rabin awa a kan gem ɗin, ban san ana bugawa a ƙungiya ba.

"Mama, ke ne kika saka shi a rediyo?" Na ce ni ce. Ta miƙo min wayarta.

Sunan da yake bugawa da shi: Lado Mubi 2014.

Wai ya ce mata gem ɗin ana buga shi har Kamaru da Chadi, wata rana wani zai ga sunan ya ce ya san mai shi. Kuma wani ya gani. Sati uku da suka wuce, wani mai kiran kansa Kawu ya ce ya san wani Lado, tela, mai tabo a goshi, a wani ƙauye gaban Mubi wajen iyaka. Na tambaye ta wa ya fara ambaton tabon.

"Muhsin ne. Na ce mishi, kai mumu ne, wawa, kai ka ba shi amsa kafin ya yi tambaya."

Na san irin wannan majiyar. Abin da ka ba ta shi take mayar maka. Abin da ban sani ba shi ne me take so da yaro ɗan sha shida a bakin iyaka. Na san amsoshin da ake samu a yankin nan, na karanta su a labaran ƙarfe bakwai da bakina.

Kafin ta tafi na tambaye ta ihun nan. Ta ce in an harbe ka ba ka mutuwa nan take, rarrafe kake yi har ɗan tim ya zo ya ɗaga ka. "Shi kam ba ya barin kowa a ƙasa, Mama. Ko za mu faɗi wasan sai ya koma. Kullum muna faɗa a kai."

Sai ya koma. Kamar ubansa. Na shiga banɗakin ofis na rufe ƙofa.

Asabar, 11 ga Mayu

Na kai wa 'yan sanda abin da Keturah ta adana na saƙonnin Kawu. Hamajoɗa ya hau motar Mubi. A tasha na gaya masa zancen shirin. Ya gyara hula ya shiga.

Keturah ta saka min gem ɗin ta sa ni cikin tim. Ko ya canza layi, in dai ya shiga da sunansa, ɗigon da ke gefen sunan zai koma kore. Sai an zaɓi suna. Na rubuta Dada Adarawo.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ɗigon toka-toka ne. Na duba sau sittin da ɗaya.

Litinin, 13 ga Mayu

Manaja yana son kashi na biyu, wai iyaye sai kira suke yi suna sa albarka. Na miƙa masa wannan a madadinsa, na ce ko ya fita ko in ajiye aiki:

"Gyara. A shirinmu na huɗu ga wata mun kira wani yaro maraya. Ba a tabbatar da mutuwar mahaifinsa ba. Mun kuma ɗauki muryarsa ba da izininsa ba. Kuskuren na Huseina Zakariya ne."

Ya fita bayan labaran rana. Ban san ko rediyonmu yana kai wa inda yake ba.

Hamajoɗa ya kira. Wani direba yana jin ya ga yaro mai kama da shi. Yana jin.

Zaman kallon ɗigo ya ishe ni, sai na shiga wasan. An harbe ni sau tara. A na ƙarshe wani da ban sani ba, da muryar yaro, ya dawo cikin ruwan harsashi ya ɗaga ni ya ce, "Anti, bi bayana." Na bi. Har yanzu ina nan a kan cewa abin yana cin lokacin yara. Na sake buga uku.

Talata, 14 ga Mayu

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe ɗigon ya koma kore.

Na yi kwana uku ina tsara abin da zan rubuta, da sakin layi da komai. Abin da yatsuna suka buga shi ne: "Dada ce. Na yi gyara a rediyo. Ina ƙasa, Muhsin."

Alamar an karanta ta fito. Ba amsa. Sha ɗaya da ashirin da huɗu ya koma toka.

Keturah ta kira tana haki, ita ma ta gani daga Rumde. Majiya biyu ke nan, amma a kan ɗigon kawai. Na share ɗakinsa, na jiƙa gero, don kunu yake so in ya dawo daga tafiya. Wayata tana caji, gem ɗin a buɗe.

An shiga da sunansa na minti huɗu. Ba a tabbatar ko shi ne ke riƙe da wayar ba.