Fili Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Rana ta Biyu a mako, 1 ga Wata na Uku, 1824

Lumb safiyo, mai awon hanya, ya zo masaƙata da hantsi, takalmansa duk taɓo, ya ce turakun awo sun kai Low Garth. Saura mil huɗu hanyar dogo ta iske kogi. Shekara shida ina wannan fama. An yi mini dariya a kasuwa, an ce Elihu Raistrick ya bar ulun da ya gada ya koma neman dokin da ke cin kwal. To ga shi majalisa a Landan ta sa hannu, kuma in Ubangiji ya yarda talakan garinmu Brackwell zai daina ƙona kujerarsa da sanyi don jakai sun kasa hawo tudu da kaya.

Na gaya wa 'yata Tabitha a wajen cin abinci. Ta ce madalla, ta ci gaba da yanka burodi. Haka 'yar nan take da ni tun rasuwar uwarta, shekara tara ke nan. Ba rashin kunya, ba kuma hira.

Na ji daɗin kaina yau fiye da yadda ya kamata.

Rana ta Huɗu, 3 ga wata

Tabitha ta shigo ofis ba ko ƙwanƙwasa ƙofa, ta ajiye turke mai jan kai a kan takarduna, da ƙasarsa da komai. Na tambaye ta daga ina.

"Daga kan Inna, ko kusa da ita. Akwai wasu biyar, Baba. Sun ratsa maƙabartar daga katanga zuwa katanga."

Na aika aka kira Lumb. Ya fara rantse-rantse, na ce ya bar rantsuwa a gidana, maganarsa ta isa. Ya ce shi bai san maƙabarta ce ba. Ya ga 'yar katanga, ciyawa a shimfiɗe, tumaki biyu suna kiwo, ba dutse, ba gicciye, ba ko tudun ƙasa, me zai ce in ba garke ba? Shi ɗan coci ne, a wurinsu matacce ma sai an rubuta masa suna da kirari. Sannan ya buɗe taswira ya ɗora yatsa: fili mai lamba arba'in da bakwai, makiyaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka duba ta kafin a kai Landan." Na ce masa sunana Elihu, ba ranka ya daɗe ba, kamar yadda na sha gaya masa. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Rana ta Biyar, 4 ga wata

Na sake duba taswirar. Sa hannuna ne, ba na wani ba.

Rana ta Shida, 5 ga wata

Ba inda za a karkata. Doka ta ba mu yadi ɗari, hagu ko dama. Hagu rafi ne da gangaren da injin ba zai hau ba. Dama dajin Hawtrey ne, wanda ya yaƙe mu shekara uku a majalisa don kada ƙarar injin ta kori yanyawar da yake farauta. In na koma Landan neman sabuwar doka, shekara biyu ce, kuma ba tabbas. Mutum ɗari uku ke haƙa a kan hanyar, kowa da iyali.

Kuma a nan ba bisa ƙasa hanyar za ta bi ba. Yanka za a yi, zurfin tsayin mutum biyu. Duk wanda ke kwance a wurin sai an ɗaga shi.

Na gaya wa kaina abin da na sha gaya wa wasu a gidan makoki, cewa wanda muke ƙauna ba ya cikin ƙasar, ya riga ya tafi. Gaskiya ne. Amma na kasa cin abincin rana.

Rana ta Farko, 7 ga wata

Zaman ibada, a shiru kamar yadda muka saba. Awa biyu ba wanda aka ba magana. Kullum shirun nan ne hutuna, yau kuwa awon yadi na yi ta yi a cikinsa.

A ƙofa Dorcas Fell ta tare ni da sandarta. Ta haura tamanin, ta san ni tun ina gajeren wando, ba ta taɓa jin nauyina ba. Ta ce, "Elihu, na ji dokinka na ƙarfe zai yi kiwo a kan mijina." Na ce za a yi komai cikin mutunci. Ta ce ai ta sani, ni gwanin mutunci ne, tana tune da ranar da na zo da amalanke na kwashe duwatsun.

Shekara goma sha biyu ke nan. Ni na miƙe a taron wata na ce dutsen kabari girman kai ne, mai hali da babba, matalauci da ƙarami, wani ba ko ɗaya, alhali Abokai, wato jama'ar ibadarmu, sun daɗe da hanawa. Taro ya yarda. Da hannuna na tumɓuke na mahaifina don kada a ce na yi sonkai. Da matata Keziah ta rasu bayan shekara uku, Tabitha ta roƙe ni ko ɗan ƙarami ne, harafi biyu kawai. Tana shekara goma sha shida lokacin. Na hana.

Har yau ina ganin daidai na yi. Ina tsammani.

Rana ta Huɗu, 10 ga wata

Taron wata. An yi dogon shiru, sannan magatakarda ya karanta abin da ya ji taron ya tsaya a kai: ranar ashirin da biyu ga wata a ɗaga matattun Low Garth duka ashirin da uku, a mayar da su bayan ɗakin taro na cikin gari. Iyalin da ya san wurin nasa ya nuna, a yi masa kabarinsa daban. Sauran a haɗa su rami ɗaya. Ba wanda ya zarge ni. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Na karɓi littafin taro na duba. Akwai suna, akwai rana. Babu wuri.

Rana ta Biyar, 11 ga wata

Na je Low Garth ni kaɗai bayan abincin rana. Rabona da shiga tun ranar binne Keziah. Na ɗauki ziyarar kabari rauni ne na masu ƙaramar bangaskiya. Filin ɗan ƙarami ne, bai kai ɗakin rini na masaƙa ba. Na tsaya a tsakiya. Na tuna ana ruwa ran nan. Na tuna ruwan yana zuba daga bakin hulata, na tuna igiya ta so ta zame wa ɗaya daga masu saukarwa. Amma ƙofar a bayana take ko a gabana? Na yi nan, na yi can, kamar wanda ya yar da allura. Wani makiyayi ya leƙo ta kan katanga ya tambaye ni ko wani abu ne ya ɓace mini. Na ce a'a. Ƙarya na yi masa, kuma ban saba ba.

Shekara ashirin da biyu muna ɗaki ɗaya da ita, yau ban san inda take ba.

Rana ta Bakwai, 13 ga wata

Ba abin da za a gane ta da shi. Akwatin katako ne ba rubutu, ni na ce a yi shi haka. Ba zobe, mu ba mu sa zobe. Farin ƙyalle irin na kowa. Mun share komai tas, ba mu bar wa kanmu ko bakin zare ba.

Rana ta Farko, 14 ga wata

Na tambayi Tabitha. Kwana uku ina juya yadda zan fara, da na buɗe baki sai ya fito kamar ina tambayar ma'aikaci inda ya ajiye mabuɗi. Ta dube ni.

"Kai ka ce duk ƙasa ɗaya ce, Baba."

Na ce na faɗa.

"To a sa ta ramin kowa mana. Me zai ragu?"

Ta kwashe kwanuka ta fita. Na ji tana kuka a kicin, ƙasa-ƙasa don kada in ji. Na kama hannun ƙofar, sannan na sake shi na ɗauki hulata na tafi zaman yamma. Ban san ko ta san wurin ba. In ma ta sani, ban ga dalilin da zai sa ta gaya mini ba.

Rana ta Uku, 16 ga wata

Lumb ya kawo zanen gadar rafi. Aiki ya yi kyau. Sai da na karanta kowane layi sau biyu kafin in sa hannu, har ya fara duba agogonsa.

Rana ta Shida, 19 ga wata

Keziah ce ta fara sa mini tunanin kwal, ban taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin babban sanyin nan takan cika kwando daga rumbunmu ta kai lungun masu tsefe ulu, ta dawo hannuwanta baƙi ƙirin, ta ce mini, "Elihu, kwal na can kan tudu mil goma sha biyu, yara na mutuwa a nan. Kai da kake da kai, yi wani abu mana." Sai bayan ta tafi na yi.

Takan yi waƙa a hankali in tana kwaɓa fulawa, ko da yake mu ba mu waƙa. In ta ji takuna sai ta mayar da ita tari. Ban taɓa gaya mata nakan tsaya bayan ƙofa in saurara ba.

Saura kwana uku.

Rana ta Biyu, 22 ga wata

Lebura goma sha biyu, Lumb ya zaɓo masu natsuwa. Da suka shiga sun cire huluna, mu muka bar namu a kai bisa al'adarmu, suka yi ta satar kallonmu. Magatakarda yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Iyali takwas suka nuna nasu, wasu da tabbaci, wasu da "ina jin nan ne". Dorcas ta buga sandarta kusa da ƙofa ba ko tantama, ta ce shekara talatin tana zuwa wurin mijinta kuma ba ta nemi izinin kowa ba. Tabitha tana jingine da katanga, hannuwa cikin mayafi.

Aka kira Keziah Raistrick. Magatakarda ya dube ni, kowa ya dube ni. Na ce, "Ban sani ba." Ban taɓa jin muryata haka ba.

Aka fara yaye ciyawa daga gabas. Ba a yi rabin awa ba shebur ɗin wani ya yi ƙara. Ya durƙusa ya tono da hannu. Dutsen rafi ne mai faɗi, bai fi tafin hannu biyu ba, taƙin hannu ɗaya ƙarƙashin ciyawa. Ya goge shi da hannun riga ya miƙa wa Lumb, Lumb ya miƙo mini. K.R. Da ƙusa aka karce shi, an bi an sake bi, ƙafar harafin na biyu ta karkace.

"Ni ce," in ji Tabitha. "Mako biyu bayan binnewa. Da wuƙar kicin na yanka ciyawar. A sa ni a littafin taro in za a sa."

Dattawan taro uku muna wurin, ni da Dorcas da magatakarda, kuma laifi ne a fili, an saɓa wa shawarar taro. Magatakarda ya dubi Dorcas. Ta ce idanunta sun lalace bana, ita dutsen rafi kawai take gani, kuma ƙafafunta sun gaji, a ci gaba da aiki. Ba ta yi ƙarya ba.

Akwatin yana daidai ƙarƙashinsa. Katakon ya riƙe. Sauran ba zan rubuta ba.

Na sa dutsen a aljihun kwat, ya yage mini aljihun.

Rana ta Uku, 23 ga wata

An mayar da su bayan ɗakin taro. Keziah a jere na biyu. An shimfiɗa ciyawa a kai, nan da kaka ba mai bambance wurin da sauran filin. Goma sha huɗu suka shiga rami ɗaya, har da mahaifina.

A hanyar gida na tambayi Tabitha abin da ya sa ta bari na ce ban sani ba a gaban jama'a. Ta ce da sun tsallake wurin da ta yi magana, ba za ta bar uwarta ba. "So nake in ji ka faɗa, Baba. Ko sau ɗaya." Na ji zafin maganar ƙwarai, ban kuma ga inda ta yi kuskure ba. Wajen tsallake kwata ta riƙe hannun rigata, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

Rana ta Shida, 26 ga wata

Dutsen yana aljihun tebur. Wajibina ne in kai shi taron wata mai zuwa. Da 'yar wani ce da tuni na kai maganar. Sau uku na buɗe aljihun yau neman alƙalami, alhali alƙalamin yana kan tebur.

Rana ta Biyu, 29 ga wata

An fara yanka a Low Garth. Ban je ba.

Rana ta Bakwai, 3 ga Wata na Huɗu

Lumb ya ce in ruwa bai hana ba za a shimfiɗa ƙarfe har bakin rafi kafin kaka. Ulun da aka kawo jiya da danshi, na mayar da shi.

Na biya ta bayan ɗakin taro da safe, ba kowa. Ciyawar ba ta kama ba tukuna, tana ɗagawa da sauƙi. Ra'ayina a kan duwatsun kabari bai canza ba, abin da aka kafa bisa ƙasa don idon mutane girman kai ne. Ba ni da abin da zan kai taron wata.

Tabitha ta ga ƙasa a farcena wajen cin abinci. Ta ce, "Taƙi ɗaya ka haƙa, Baba? In bai kai ba sanyi zai turo dutsen sama." Na ce taƙi ɗaya da rabi. Ta ƙara mini miya.

Taku goma sha ɗaya daga ƙofar baya, huɗu zuwa hagu. Na rubuta ne kawai saboda tsufa.