Carbin da Babu a Hannun Baba

Talata, 4 ga Yuni, 2024. Sakkwato.

Ɓerayena sun fara. Makonni ke nan ina yi musu allurar farakwat, gubar da muke sa musu don ƙwaƙwalwarsu ta kumbura, mu ga yadda ciwon rawar jiki yake kama ɗan Adam. Yau na ɗora mai yagaggen kunnen nan a kan sanda, ya tsaya cik, ƙafar gaba tana kaɗawa, sannan ya ja jiki da ƙyar. Dakta Barakatu, mai duba aikina, ta ce, "Madalla Kausar, abu ya yi kyau." Wai kyau! Ta ce saura a buɗe kawunansu a duba kumburin. Na ce sai bayan Sallah. Ƙarya nake, ko bayan Sallar ba zan iya ba. Wa ya aike ni digiri na biyu a kan kashe ɓeraye?

Juma'a, 14 ga Yuni. Gummi.

Na iso lafiya. Baba na hango ni ya ce, "Ga likitan kusu ta taho! Ku kamo mata na rumbu ta duba muna lahiyassu." Gida ya ɗauki dariya, har da ni. Ya rame. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na matsa na ji ƙarshen tsokanar.

Asabar, 15 ga Yuni.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yana zaune gindin darbejiya, hannun dama a kan gwiwa, babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi. Na duba, na sake dubawa. Babu carbi. Na tambayi Inna a madafa, ta ce, "Zikiri shika yi, tun bara yak kama. Tsufa ya zo mai da ibada." Tana faɗa tana jin daɗi. Na ce to, na shige ɗaki na zauna a ƙasa. Wannan murza yatsun yana cikin littafina, har da hotonsa.

Lahadi, 16 ga Yuni. Babbar Sallah.

Na bi bayansa da ido da zai tafi idi. Taku ƙanana, yana jan takalmi, hannun dama manne da riga ba ya lilo.

Sai wajen yanka. Tun da na yi wayo Baba ke yanka ragonsa. Yau ya ɗauki wuƙa, ya sunkuya, ya tsaya cik. Ragon na shure-shure, shi yana tsaye kamar an dasa shi. Can ya miƙa wa Yaya Mas'ud wuƙar ya ce, "Amshi, ka girma." Inna har da guɗa. Ni na ga wannan tsayuwar a kan sanda. Allah Ya yafe mini, ina kallon mahaifina ina tuna ɓera.

Ban iya cin hanta ba.

Laraba, 19 ga Yuni.

Na bi Yaya fadama don in huta da kallon hannun Baba. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Feshin ciyawa zai yi kafin dashen shinkafa. Ya tsiyaya maganin a bokiti, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu har gwiwa yana juyawa. Da bakin famfon feshin ya toshe sai ya kwance shi, ya kai baki ya hura. Na ɗauki kwalbar don kawai in kauda ido, na karanta jikinta.

Farakwat.

Abin da ba na taɓawa sai da safar hannu biyu da takunkumi, wanda muke kullewa a kabad! Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutanen gonar maƙwabta sun ɗago. Yaya ya ce, "Ke, mi as same ki? Hakanga Baba yak koya min. Hannu ka sanin in ya gauraye." Na ja shi bakin ruwa ina wanke masa hannu ina zaginsa, yayana guda, shi kuma yana dariya. Ina ƙarama ni nake riƙe wa Baba murfin kwalbar nan. Yaya aka yi ban taɓa haɗa su ba?

Alhamis, 20 ga Yuni.

Na kira Dakta. Ta ce kada in yanke hukunci, ba duk mai feshi ke kamuwa ba, kuma ba wanda zai rantse shi ne sanadi. In kai Baba asibiti, akwai magani mai sassautawa. Na warkewa fa? Ta ce babu shi tukuna.

Bayan la'asar na faɗa wa Baba komai. Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Ya ce, "Wato abin da kika ba kusu da allura, shi nib ba kaina da hannuna?" Na ce ban sani ba, Baba, wallahi ban sani ba. Ya ce, "Ni na san ba zikiri na ba. Kak ki hwaɗa ma innarku tukuna. Ki dai hana ma Mas'udu."

Litinin, 24 ga Yuni.

Yaya ya karɓi safar hannun da na ba shi, ya ce ciyawa ba ta jiran gayu. Amma na ga ya yanko karan juya magani ya ajiye kusa da bokitin.

Alhamis, 4 ga Yuli. Sakkwato.

An ga likita, ya faɗi sunan da na riga na sani. Baba ya koma gida da ƙwayoyi.

Yau na yi aikin buɗe kawunan ɓerayen. Da mai yagaggen kunnen na fara. Na sa shi barci, na yi bisimilla. Ban yi kuka ba, ban ma nemi kujera ba. Dakta ce ta matsa mini, shi ke nan, ba wani abu ba. Ko da yake ni na tambaye ta yaushe za a kawo sabbin ɓeraye.

Baba ya kira da yamma. Ina jiran "likitan kusu", sai na ji, "Ɗiyata, kusan nan naki, mi sunka ce?" Na ce tukuna, Baba. Ya ce, "To, a yi ta tambayassu."

Ya daɗe bai kashe ba. Ina jin wayar tana bugun kunnensa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.