Ranar da Na Saki Hannun Safiyya

Assalamu alaikum, Yaya Rabi. Ya gida, ya yara, ya ƙafar maigidan? Ya zafin Sakkwato? Mu nan Unguwar Shanu lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin san tun da ƙyanda ta makantar da Safiyya, bayan na tsaya ɗiga mata maganin gida maimakon in kai ta asibiti, ban ƙara barinta kusa da abu mai zafi ba.

Malamarsu ta matsa in koya mata zuba shayi: ta sa yatsa a bakin kofi, in zafi ya taɓa shi ta tsaya. Ranar Asabar muka gwada. Na riƙe mata hannu gam, sai shayin ya zube mata a ƙafa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Umma, hannunki ne ke rawa. Sake ni."

Na sake ta, Yaya. Ta cika kofin daidai, ta miƙo min. Na kasa sha.

Yanzu kuma girki take so. Ki gaishe min da yara, ki sa ni a addu'a, Allah Ya ba ni ƙarfin sake sakin hannun nan.

Ƙanwarki,
Hadiza