Muryar Yaya Sani

Daren Laraba, Gusau, daminar 1998

Yau na yi abin da maigidana bai iya ba, kuma sai ya sha labari idan ya dawo daga Tsafe.

Inna ta taso tun daga Nahuce don ta ga kaset ɗin sunan ɗan Yaya Sani da ya aiko daga Fatakwal. An daɗe rabonta da ganin Yaya, ga shi gobe da safe za ta koma saboda gona. Na saka kaset a bidiyo, sai wani abu kamar yayyafi ya rufe fuskar sabuwar talabijin, ga ƙara kamar ana suya. Inna ta zuba ido har ta gaji, ta ce, "Bari, ɗiyata, Allah bai nufa ba." Wallahi maganar ta soke ni.

Na jawo talabijin na tsuguna bayanta. Ashe ta wayar eriya maigida ya haɗa ta da bidiyo. Na zazzage kwalinta, na samu waya mai kai uku, rawaya da fari da ja, kuma ramukan ma haka suke. Na bi launi, hoto ya fito tangaran, amma babu sauti. Ina ta addu'a kar a ɗauke wuta. Na leƙa bayan bidiyo, na ga fari da ja suna ramin shiga maimakon na fita. Na sauya.

Sai ga muryar Yaya: "Assalamu alaikum, Inna."

Ta amsa masa da ƙarfi, ta matso ta shafa gilashin daidai kan jaririn. "Sani, ka rame," in ji ta, "amma wanga yaro ya ƙoshi."

Ta hana ni taɓa ko waya ɗaya. Wai sai ta yi musu sallama gobe kafin ta hau mota.